Kyamara Mara Madubi a Ƙasar Zafi: Kuɗin da Ba a Rubuta a Jikin Kwali Ba

Duk mai halartar kamu ko dina a Kano, Kaduna ko Maraɗi a 'yan shekarun nan zai lura kayan aikin masu ɗaukar hoto sun sauya. Manyan kyamarorin nan masu nauyi, waɗanda ake jin ƙararsu daga nesa, suna ta raguwa, ƙanana marasa hayaniya sun maye gurbinsu. Su ne ake kira marasa madubi. A tsohuwar kyamara, wato DSLR, akwai madubi a bayan gilashin gaba da ke tura haske zuwa idon mai ɗauka, sai an danna ya ɗaga sama hoto ya shiga. A sabuwar an cire shi ɗungurungum: haske na sauka kai tsaye a kan sensa, wato ɓangaren da ke kama hoton, ita kuma ta nuna maka abin da take gani a ɗan ƙaramin allo.

Panasonic ne ya buɗe wannan ƙofa a 2008 da Lumix G1. Sony ya girgiza kasuwa a 2013 da A7 mai babbar sensa, sannan Canon da Nikon, da suka daɗe suna jan ƙafa, suka shigo da gaske a 2018. Alƙaluman ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan, CIPA, sun nuna a 2020 ne marasa madubi suka zarce DSLR a yawan da ake fitarwa. Dalilin kamfanonin a fili yake. A 2010 sun fitar da kyamarori sama da miliyan 120, shekara goma bayan nan abin bai kai miliyan 10 ba, wayar salula ta kwashe masu ɗaukar hoton sha'awa. Waɗanda suka rage 'yan sana'a ne da masu son bidiyo, kuma waɗannan sai an ba su abin da waya ba za ta iya ba.

An kuwa ba su. Kyamarar yanzu tana gane idon mutum ta bi shi duk inda ya juya, ko amarya na rawa a tsakiyar ƙawaye. Tana nuna maka hasken hoton tun kafin ka danna, tana ɗauka shiru a wurin ɗaurin aure ba ta katse wa liman huɗuba ba. A nan gida kuma buƙatar ta zo daidai: fina-finan Hausa sun koma masu dogon zango a YouTube da Arewa24, kowace amarya na son gajeren bidiyon da za ta sa a Instagram, mutum ɗaya yake ɗaukar hoto da bidiyo da na'ura ɗaya. Ban ga laifin wanda ya sauya ba.

Sai dai madubin da aka cire yana yin aikinsa ne ba da wuta ba. Mai DSLR zai yini yana leƙe, batir bai san ana yi ba. A mara madubi kuwa, muddin tana kunne, sensa da allo da ƙwaƙwalwarta duk suna shan caji, ko ka danna ko ba ka danna ba. Kyamarori biyu da suka fito a 2014 sun isa misali: an auna Nikon D750 mai madubi a kan hoto 1,230 da caji ɗaya, Sony A7 II kuwa kusan 350. Sony ya gyara da babban batir na NP-FZ100, har A7 III ta 2018 ta kai 710, amma tushen matsalar na nan. Abin da sabon shiga ya kamata ya gane shi ne, batirin mara madubi da awa ake lissafa shi, ba da yawan hoto ba. Bikinmu kuma jira ya fi yawa a cikinsa. A ce ƙarfe huɗu, amarya ta iso bayan Isha'i, kyamara na rataye a wuya tana kunne don kada shigowar ta wuce ka.

Shi ya sa batir ɗaya da ke zuwa cikin kwali ba ya kai kowa ko'ina. Mai aikin biki na gaske yana yawo da uku ko huɗu, da caja mai cin biyu a lokaci guda. Ga mai ɗaukar hoto a Tokyo wannan ƙaramin abu ne, ya sa a soket ya kwanta. A unguwar da ake yini ba a ga wuta ba, cajin kansa aiki ne: ko janareto, da fetur ɗin da ya yi tashin gwauron zabi tun cire tallafi a Mayun 2023, ko sola, ko a kai shagon mai caji a bar batirin dubban naira cikin tarin wayoyi. Sababbin samfura da yawa suna karɓar wuta ta USB-C daga fawa banki, kuma a ganina wannan ya fi mana amfani fiye da rabin abubuwan da ake tallatawa da manyan baƙaƙe.

Tsada ta tura mutane ga batiran da ba na kamfani ba. Wasunsu na kirki ne, ƙarfinsu dai bai kai na asali ba. Wasu jabu ne da aka buga wa tambarin Canon ko Sony, su nuna rabi yanzu, an jima su mutu ba sallama. Idan suka mutu ana tsakiyar ɗaukar bidiyo, fayil ɗin na iya lalacewa gaba ɗaya, kuma ba a maimaita buɗar kai. Akwai masu kumbura har su maƙale a cikin kyamara.

Zafi ya fi wannan wuyar sha'ani, domin ba a magance shi da saye da yawa. Bidiyon 4K na sa sensa da ƙwaƙwalwar kyamara aiki ba hutu, a cikin ƙaramin jiki da aka toshe kafofinsa don kare ruwa da ƙura. Zafin ba shi da hanyar fita. Sony a6300 ta 2016 ta yi ƙaurin suna a kan haka, amma babban abin cece-kuce shi ne Canon EOS R5 a 2020. An tallata ta da 8K, sai kamfanin da kansa ya bayyana cewa kusan minti 20 take yi kafin ta kashe kanta, kuma idan ta huta minti 10, minti 3 kacal za ta ƙara. Daga baya an sassauta da sabunta manhajar cikinta. To amma a dubi yanayin da aka yi wannan awo: digiri 23 a ma'aunin Salsiyas. Littafin yawancin kyamarorin nan yana cewa a yi aiki da su tsakanin digiri 0 da 40. A Sakkwato, Maiduguri ko Yamai, ranar Afrilu kan wuce 40 a inuwa, ballantana baƙar kyamara a kan ƙafarta a filin hawan Sallah. Wato tun kafin a danna, an riga an ƙure iyakar da masu ƙera ta suka yarda da ita. Zafin nan kuma yana tsofar da batirin lithium da wuri, musamman wanda aka bari cikin mota a rana, don haka matsalolin biyu a haɗe suke.

Masu sana'ar sun koyi dabaru. Ana janye allon daga jikin kyamara don iska ta ratsa, ana riƙa mata lema, ana ba ta wuta daga waje don batir ya daina dumama cikinta, masu Sony na ɗaga iyakar zafin da take kashe kanta a kai. Dabarar da ta fi duka ita ce wadda mutane suka fi ƙi: sauka daga 4K zuwa 1080. Bidiyon da zai ƙare a WhatsApp, inda za a matse shi kafin ya isa wayar gwaggon amarya, bai cancanci kyamara ta mutu ana tsaka da walima saboda shi ba. Amma mai biki ya ji ana cewa 4K, shi ma 4K yake so, mai ɗauka kuma na tsoron a ce kayansa tsohon yayi ne.

Kamfanonin ma sun amsa, da fanka. Panasonic S1H ta 2019, Sony FX3 ta 2021 da Canon R5 C ta 2022 duk suna da ita a ciki, kuma suna ɗaukar dogon lokaci ba tsayawa. Kusan dukansu na manyan kuɗi ne, sai Panasonic S5 II ta 2023 da ta ɗan sauko da abin. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, mai fanka ta fi ƙarfin yawancin matasan da ke fara sana'ar. Abin da ke isowa hannunsu na hannu ne daga Turai da Amurka, kuma sau da yawa irin samfuran farko ne masu ƙaramin batir da saurin zafi, waɗanda masu su suka sayar don sun gaji da su. Ga kuma hunturu: babu madubin da ke tare sensa, da ka cire gilashi a buɗaɗɗen wuri ƙura ta sauka mata, ta fito ɗigo-ɗigo a kowane hoto.

Sakamakon shi ne an samu rata a cikin sana'ar. Mai hali yana zuwa da kyamara biyu, ɗaya ta yi zafi ya ɗauki ɗayar, ya kuma caji mai biki daidai da haka. Ƙaramin mai ɗauka ya zuba duk jarinsa a jikin kyamarar, ya manta cewa batura, caja, katin memori mai sauri da abin haɗa tsofaffin gilasansa duk kuɗi ne dabam. Irin wannan, idan hoto ne mafi yawan aikinsa, tsohuwar D750 ko Canon 5D da farashinta ya faɗi saboda kowa ya guje ta za ta yi masa yini guda da batir ɗaya. Idan kuwa bidiyo ne abincinsa, kafin ya biya ya kunna ta a 4K a ƙofar shagon, da tsakar rana, ya bar ta tana ɗauka na rabin awa ya ga abin da za ta yi.