Na'urar da ke saita kanta, da ƙofar da take bari a buɗe

A ranar 6 ga watan Afrilun 2018, ma'aikatan wasu cibiyoyin adana bayanai a Iran sun tarar da tutar Amurka a allon na'urorinsu, tare da gargaɗin kada a tsoma baki a zaɓen Amurka. Hukumomin Iran sun ce harin ya shafi na'urorin rarraba layin intanet kusan dubu 200 a duniya, 3,500 daga ciki a ƙasar. Maharan sun shiga ne ta Smart Install, wani tsari da kamfanin Cisco ya ƙirƙira don rage wa injiniyoyi wahala.

Wahalar kuwa ba ƙarama ba ce. Babbar cibiya tana da ɗaruruwan irin waɗannan na'urori, su ne ke haɗa kwamfutoci da juna. A da, sai injiniya ya bi su ɗaya bayan ɗaya da kwamfutarsa da igiyar waya, yana rubuta umarni da hannu. Kuskuren harafi ɗaya ya isa ya katse layin ɗaki guda.

Yanzu aikin ya koma ɗaure na'ura a kanta, a jona wuta da layi, a tafi. Da ta farka ta ga babu saiti a cikinta, sai ta aika tambaya ta tsarin DHCP, wanda shi ne ke bai wa wayar salula adireshi idan ta hau wifi. Amsar tana zuwa da adireshi da kuma inda za ta ɗauko manhajarta da saitinta. Ta ɗauko, ta girka, ta sake tashi, ta kama aiki. Cisco na kiran wannan POAP a na'urorinsa na Nexus, Arista na kiransa ZTP. Kamfanin Cumulus Networks ya wuce nan: a 2013 ya miƙa ONIE ga Open Compute Project, haɗakar da Facebook ya kafa a 2011. Da ONIE, mai saye ne ke zaɓen manhajar da za ta tafiyar da na'urarsa.

Sai dai sabuwar na'ura kamar baƙo ce a tasha, duk wanda ya fara nuna mata hanya shi take bi. Smart Install ba ya tambayar kalmar sirri, kuma masu na'urori da dama sun bar ƙofarsa mai lamba 4786 a buɗe ga intanet bayan an gama girkawa. Sakaci ne na masu amfani, amma wanda ya ƙera ƙofa ba makulli ma yana da kasonsa.

A Afrilun 2019 hukumar IETF, mai tsara ƙa'idojin intanet, ta fitar da RFC 8572. A ƙarƙashinta, na'ura tana fitowa daga masana'anta da shaidar sirri, kuma ba ta karɓar saiti sai ta tabbatar daga mai ita ya fito.