Oulu: Birnin da ma'aikata ke zuwa ofis a kan keke cikin dusar ƙanƙara

Ƙarfe bakwai na safe a watan Janairu, gari bai waye ba a Oulu, kuma rana ba za ta leƙo ba sai an doshi ƙarfe goma. Sanyi kan kai digiri 20 ƙasa da sifili. Duk da haka fitilun kekuna ne jere a kan hanya: ma'aikatan ofis, malaman asibiti da 'yan makaranta, kowa na sauri ya cim ma lokaci.

Oulu na arewacin ƙasar Finlan, mutanensa sun haura 200,000, kuma dusar ƙanƙara kan lulluɓe shi kusan wata biyar a shekara. A nan aka fara taron duniya kan hawan keke a lokacin sanyi, a shekarar 2013.

Baƙo kan zaci sai da tufafi masu tsada ake wannan tafiya, alhali abin da mai keke ya fi tsoro shi ne gumi. Wanda ya jibga kaya zai jiƙe kafin ya yi nisa, da zarar ya tsaya kuma jiƙar ta huce, sanyi ya ratsa shi. Shi ya sa ake sa sutura hawa uku: ta ulu mara kauri a jikin fata, wadda ba ta riƙe laima kamar auduga, sai mai ɗumi a tsakiya, sannan ta waje mai tare iska. Ƙa'idar ita ce mutum ya fito gida yana ɗan jin sanyi, domin tuƙin zai ɗumama shi.

Yatsu, kunnuwa da ƙafafu ne sanyi ke fara yi wa lahani, har yakan kashe fatarsu. Safar hannu mai haɗe yatsu wuri guda ta fi mai rarrabe su ɗumi. Akan sa siririyar hula ƙarƙashin hular kwano, da takalmi mai yalwa, domin matsattse yana hana jini gudana. Saboda duhu, doka ta wajabta farar fitila a gaba, tun watan Yunin 2020 kuma ta ƙara da ja a baya.

Sai dai tufafi ba su ne ginshiƙin lamarin ba. Birnin na da hanyoyin keke da na masu tafiya a ƙasa da tsawonsu ya zarce kilomita 900, kuma 'yan kwangila kan share manyansu da asuba kafin ma'aikata su fito. Ba don wannan aikin hukuma ba, da ma'aikaci ya jingine kekensa ya koma biyan kuɗin mota.

Idan ƙanƙara ta narke, waɗannan hanyoyi ne ke kai mutane kurmin da ke bayan unguwanninsu. Finlan na da daɗaɗɗen 'yanci da ya halatta wa kowa, ɗan ƙasa ko baƙo, ya tsinci 'ya'yan itatuwan daji ko da filin na wani ne. Daga Yuli zuwa Satumba akan ga bokitai rataye a ƙahon keke, cike da mustikka, wasu shuɗɗan 'ya'ya da ba su kai magarya girma ba, da jajayen puolukka masu tsami. Wanda ya sayar da abin da ya tsinta da hannunsa ma ba a karɓar haraji a kansa.

'Yancin na da iyaka. Ba a shiga farfajiyar gida ko gona, ba a sare reshe, kuma tuffar da ke lambun mutum tasa ce, sai in shi ya ajiye ta a kwali a ƙofar gida don masu wucewa.

Abin da aka tsinto kan shiga firiza. A watan Janairu, shi ake barbaɗawa a kan kunun safe kafin a sa safar hannu a fito da keke.