Ƙudan da ke kan tumatirinki da abin da ya tona wa masana

Na san kin san ɗan ƙudan nan mai jajayen ido, wanda bai kai girman ƙwayar gero ba, da ke taruwa a kan tumatir idan ya fara lalacewa, ko ɓawon mangwaro da yara suka yar a tsakar gida. Ke da ke Zakirai ko wani ƙauye na Gabasawa, inda gona ke jikin katangar gida, ba sai an kwatanta miki shi ba. Ana buɗe kwandon kayan miya zai tashi buu, ki kore shi da mafici ki ci gaba da girkinki. To wannan ɗan abin da kika raina, manyan jami'o'in duniya kiwonsa suke yi a cikin kwalabe, suna dama masa abinci, suna ƙirga 'ya'yansa.

Dalili kuwa shi ne, daga ƙwai zuwa ƙuda mai fiffike kwana 10 ne kacal idan ɗumi ya yi daidai. Ƙwan ya ƙyanƙyashe tsutsa, ta yi ta ci tana girma, ta shige ɓawo ta kwanta, sannan ta fito ƙuda. Abin da za a shekara ashirin ana jira a gani a jikin ɗan Adam, a nan mako biyu ya isa. Wani ikon Allah kuma, kusan kashi 75 cikin 100 na ƙwayoyin gadon da ke da hannu a cututtukan mutum suna da takwarorinsu a jikin ƙudan nan. Da shi Thomas Hunt Morgan na Amurka ya yi binciken gado da ya ba shi kyautar Nobel a 1933. Ko a nan gida, masu bincike a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, da Jami'ar Jos, da ta Ibadan suna aiki da shi.

Abin da ya kawo mu yau shi ne wani gwaji da aka yi ta maimaitawa a kansa: ba shi ɓurɓushin nano ya ci, a ga yadda zai girma.

Mene ne ɓurɓushin nano? Ɗauki silin gashinki guda. Kaurinsa ya kai kamar nanomita 80,000. Ɓurɓushin da ake magana bai wuce nanomita 1 zuwa 100 ba. Ba ƙurar da iska ta kwaso ba ce, kamfanoni ne ke ƙera shi da gangan daga azurfa, zinare, gawayi da wasu ma'adanai, saboda abu idan ya yi ƙanƙanta haka halinsa canzawa yake yi. Azurfar da ke wuyanki lafiya lau take zaune, amma idan aka mai da ita ɓurɓushi sai ta zama makashin ƙwayoyin cuta. Shi ya sa ake sa ta a bandejin ƙuna, da safa don hana wari, da wasu sabulai. Akwai kuma wani farin gari, titaniyom, da ake sawa a man kare fata daga rana, da man goge baki, da alawa da cingam don su yi fari tas. Wani kaso nasa na wannan ƙanƙantar ne. Har taki ya shigo sahu, domin a 2021 kamfanin IFFCO na Indiya ya fito da takin yuriya na nano a kwalba.

A 2011 masana a Jami'ar Palacky ta ƙasar Cek suka zuba ɓurɓushin azurfa a abincin tsutsotsin ƙudan. Da ya kai miligiram 20 a kowace lita, rabinsu suka kasa fitowa daga ɓawo. Sun ci, sun girma, sun kwanta, amma ba su tashi ba. Da aka rage zuwa miligiram 5 aka bi su har tsatso takwas, sai aka ga haihuwa ta ragu a tsatso uku na farko, daga baya ta dawo daidai. Waɗanda suka tsira kuma suka fito da wani launi fari-fari, kamar an wanke su da bilic.

Wannan koɗewar ita ta fi ɗaure wa masana kai, kuma ni ma nan ne labarin ya fi kama ni. A 2013 wasu masu bincike a Jami'ar Howard da ke Washinton suka gano bakin zaren. Jiki, na ƙuda ne ko na mutum, yana buƙatar ɗan mitsitsin sinadarin jan ƙarfe don ya haɗa launin fata, ya kuma kare kansa daga lalacewa ta ciki. Azurfar sai ta shiga ta tare wa jan ƙarfen hanya. Abincin ƙudan bai rasa komai ba, amma jikinsa ya kasa amfana da shi. Ƙudajen sun fito ba launi, ba kuzarin hawa jikin kwalba yadda lafiyayyu ke yi. Da aka ƙara musu jan ƙarfe a abinci, launin ya dawo. Ki lura uwargida, cutar ba lokacin da ake cin abin ta bayyana ba, sai da tsutsa ta zama ƙuda. Ta ci tana ƙarama, ta biya da girmanta.

Ba duka ɓurɓushi ne halinsu ɗaya ba. A Jami'ar Brown, a 2009, an ba tsutsotsi na gawayi sun ci, suka girma ba wata matsala. Amma da aka sa manyan ƙudaje cikin busasshen garin wasu nau'o'insa, sai ya manne musu a jiki, suka kasa tafiya, suka mutu cikin sa'o'i. Ashe hanyar da abu ya bi ya shiga jiki ita ma abin dubawa ce, ba sunansa kaɗai ba.

Yanzu kar ki tashi ki zubar da man goge bakin gidanki. Ƙuda ba mutum ba ne, kuma yawan da ake ɗura masa a gwaji ya fi abin da yaro zai gamu da shi a kayan kasuwa. Su kansu hukumomin duniya bakinsu bai zo ɗaya ba. A 2021 hukumar kula da ingancin abinci ta Turai ta ce ba za ta iya ci gaba da cewa farin garin titaniyom ba shi da illa a abinci ba, Tarayyar Turai ta haramta shi a 2022. Amurka da Ingila ba su bi sahu ba, kuma kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya da ya duba shi a 2023 bai ga dalilin hanawa ba. A ganina, alawar da ba ta ƙara wa yaro komai sai ciwon haƙori ba ta cancanci a yi caca a kanta ba. Idan ledar na ɗauke da E171 ko titanium dioxide, ga dabino, ga aya, ga kantun riɗi.

Wanda zan ja kunnenki a kai da gaske shi ne ruwan azurfa da ake tallatawa a kwalba, wai yana maganin kowace cuta. Babu wata cuta da aka tabbatar shan sa yana warkarwa. Abin da aka tabbatar shi ne, mai yawan sha azurfar na taruwa a fatarsa ta koma ruwan toka mai shuɗi-shuɗi, kuma ba ta komawa yadda take. Azurfar bandejin asibiti daban, ta sha daban.

Mu a Arewa ba sai ƙuda ya koya mana abin da ƙura ke yi wa jiki mai girma ba. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, yara aƙalla 400 suka rasu saboda gubar dalma. Duwatsun zinare ake niƙawa a cikin gida, a tsakar gidan da jarirai ke rarrafe. Wannan ba ɓurɓushin kamfani ba ne, amma darasin ɗaya ne da na tsutsa: manya sun shaƙa, yara ne suka fi mutuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jikin ƙaramin yaro na zuƙar dalmar da ya haɗiya ninki 4 zuwa 5 na babba.

Dalmar nan kuma tana iya kasancewa a kan madubinki. Kwallin dutse mai ƙyalli, wanda ake daka wa jarirai tun ranar suna, yawanci ma'adanin dalma ne. A 2011 likitoci a Boston ta Amurka suka sami dalma da yawa a jinin wani jariri ɗan wata shida, ɗan iyaye 'yan Nijeriya. Da aka gwada kwallin da ake sa masa, kashi 82 cikin 100 dalma ce. Jariri ya murza ido, ya kai hannu baki, shi ke nan ta shiga. Na san kaka za ta ce haka aka yi mana muka girma, kuma kwalli sunna ne. Ba wanda ya ce a bar sunna. Ki zauna da ita cikin ladabi ki nuna mata cewa ba kowane baƙin dutse na kasuwa ba ne aka san abin da ke cikinsa, kuma idon jariri ba ya buƙatarsa.

Saura batun gona. Taki da maganin feshi, na nano ne ko na da, kar su kwana a ɗakin da ake ajiye hatsi, kuma jarkarsu ba ta zama ta ruwan sha ko an wanke. Maigida in ya dawo daga feshi, ya cire kayan ya yi wanka kafin ya ɗauki yaro, a kuma wanke kayan daban da na yara.

Shi kuwa ƙudan, ba ya cizo. Ki tsince ruɓaɓɓen tumatir daga kwando, ki kai ɓawon mangwaro bola kafin dare, ki rufe sauran da faifai, cikin 'yan kwanaki za ki neme shi ki rasa.