Dashen Ƙwai: Abin da Mai Neman Haihuwa Ya Kamata Ya Sani

A karkararmu, daga Kangire har Gwaram, amarya ba ta cika shekara a ɗakinta sai an fara kallon cikinta. Kafin a ankara an soma kawo mata rubutu da saiwoyi a leda, daga nan magana ta fito fili: juya ce, a yi mata kishiya. Duk tsawon wannan lokaci babu mai ce wa mijin ya je a auna shi, alhali likitoci sun tabbatar cewa kusan rabin ma'auratan da ba su haihu ba, akwai hannun namiji a matsalar. Hangum da ya kama shi bayan ya balaga, ko ciwon sanyin da bai warke sarai ba, duk suna iya rage masa ƙwayayen haihuwa, ko da kuwa lafiyarsa lau wajen kwanciyar aure. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a 2023 cewa mutum ɗaya cikin shida na fuskantar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa.

Ni na bi wannan hanya, shi ya sa nake magana. Ranar da likita ta duba takarduna ta ce, “Hajiya, sai maigida ya zo,” na rasa bakin da zan kai masa saƙon. Sai yayansa na roƙa ya yi masa magana, sannan ya yarda. Gwajinsa kuwa shi ne mafi sauƙi da arha cikin duk abin da muka yi. Nawa ya fi wuya: hoton da ake tura ruwa cikin mahaifa a ga ko hanyoyin ƙwai a buɗe suke. Nawa a toshe suke, kuma irin wannan toshewa tana yawan biyo bayan cutar da ta shiga mahaifa bayan ɓari ko haihuwa ba a yi maganinta ba. Ƙa'idar likitoci ita ce idan an shekara ana tare babu ciki a je asibiti, idan mace ta haura 35 kuwa wata shida ya isa. Ba sai an yi nisa ba, ana iya farawa daga sashen mata na babban asibiti irin Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu. Da yawa ma magani ko ƙaramin aiki ne ke warware musu, ba sa kaiwa ga dashe.

Dashen ƙwai, wato IVF, ba sabon abu ba ne. An haifi jaririya ta farko ta wannan hanya, Louise Brown, a Ingila ranar 25 ga Yuli, 1978, bayan aikin Patrick Steptoe da Robert Edwards, wanda ya samu kyautar Nobel a 2010. A Legas, Farfesa Oladapo Ashiru da Farfesa Osato Giwa-Osagie sun fara aikin tun shekarun 1980, a Abuja kuma Dakta Ibrahim Wada ya yi nasara a asibitin Nisa a 1998.

Ga yadda abin yake. Mace ƙwai ɗaya take saki a wata, don haka ake yi mata allurai kullum na kwana goma zuwa goma sha biyu domin da yawa su nuna lokaci guda. A ƙasan cibiya ake yin su, kuma da kanki za ki koyi sokawa. Wasu sai an adana su cikin sanyi. Nawa a firjin wani mai kemis suka zauna, idan zan yi tafiya in zuba su a kula da ƙanƙara, ina leƙawa a mota kada ta narke. Ciki ya yi nauyi, rai ya riƙa ɓaci ba dalili, ga zuwa sikanin a kai a kai. Idan ƙwayayen sun kai, sai a yi allurar ƙarshe, bayan kimanin awa 36 a sa ki barci a zuƙo su da siririyar allura. Ranar ne maigida zai ba da maniyyinsa, a haɗa a ɗakin gwaji. Idan nasa sun yi ƙaranci, akwai dabarar da aka fara a Beljiyam a 1992, ta cusa ƙwaya ɗaya tak cikin ƙwan mace. Bayan kwana uku zuwa biyar a mayar da ɗantayin mahaifa ta siririn bututu, aikin da bai fi 'yan mintoci ba. Saura jiran mako biyu kafin gwajin jini, kuma wallahi jiran nan ya fi alluran ciwo.

Abin da ba a cika faɗa wa mutane ba shi ne ba kullum ake dacewa ba. Ko macen da ba ta kai 35 ba, kusan ɗaya cikin uku ne ke haihuwa a gwaji guda, bayan 40 kuwa damar tana yin ƙasa sosai. Nawa na farko bai zauna ba. A nan ne nake jin haushin shekarun da mata ke ƙararwa tsakanin boka da mai maganin kasuwa, domin ƙwan mace ba ya jira. Kuɗin kuma miliyoyin naira ne a zagaye ɗaya, ban da motar Abuja ko Legas da masauki. Na san wanda ya sayar da gona. Duk asibitin da ya yi muku alkawarin ciki tabbas, ku tashi ku bar masa kujerarsa. Haka wanda ya ce kina da cikin da sikanin ba ya gani: binciken BBC na 2024 a jihar Anambra ya nuna yadda masu wannan damfara ke miƙa wa mata jariran wasu. Ku kuma tambayi ɗantayi nawa za a mayar, don tagwaye ko 'yan uku suna da daɗin ji, amma suna zuwa da bakwaini da hawan jini.

Surukata ce ta fara tambayar da kowa ke yi: “Yanzu ɗan nan namu ne kuwa?” Malamai sun daɗe da amsawa. Shaihu Jadul Haƙ na Masar ya ba da fatawa a 1980, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi kuma ta zauna a Amman a 1986, duk suka halatta dashe da sharaɗin ƙwan na matar ne, maniyyin na mijinta ne, a mahaifarta za a saka, kuma igiyar aure tana nan. Aron ƙwai ko maniyyi ko mahaifar wata, wannan sun haramta shi saboda tsare nasaba. Shi ya sa ya kamata miji da mata su karanta takardar yarjejeniya tare kafin su sa hannu, su ga an rubuta sunayensu a jikin kowane mazubi. 'Yantayin da suka rage ana daskarar da su don wani karo, ana biyan kuɗin ajiya, amma a wurin malaman, idan aure ya mutu ko miji ya rasu, ba a mayar da su.