Samari masu koyon aikin malamin tuƙin jirgin ruwa a Ingila

A bakin kogin Isa, wajen Gaya ko Yamai, ɗan masunci tun yana ƙarami yake shiga jirgi tare da ubansa. Yana kallo, yana riƙa filafili, har hannunsa ya faɗa. Babu wanda yake ba shi takardar shaida. Ubansa ne malaminsa.

A ƙasar Ingila abin ba haka yake ba. Can mutane da yawa suna tuƙa ƙananan jirage don wasa da motsa jiki, ba don su ko fito ba. Yawancinsu ba su gaji ruwa ba. Ƴan lakol ne, da ma'aikata masu hutu, da iyaye da ɗiyansu. Wani bai taɓa taka jirgi ba sai ran nan. Don haka dole a samu wanda zai koya musu, ya kuma tsare ransu. Wannan aiki koyonsa ake yi, kuma samari da ƴan mata suna shigarsa.

Irin jiragen

Jirgin da suka fi tuƙawa sunansa kayak. Siriri ne, mutum ɗaya ko biyu yake ɗauka. Mai tuƙi yana zaune ƙasa, ƙafafunsa a miƙe. Filafilinsa baki biyu gare shi, ɗaya dama ɗaya hagu. Asalin kayak na mutanen Inuwit ne, mazauna ƙasashen ƙanƙara can arewacin duniya. Su da fatar dabbar teku suke rufe nasu, suna farauta da shi. Na yanzu da roba mai ƙarfi ake yi.

Akwai kuma buɗaɗɗen kwale-kwale mai kama da namu na gulbi, filafilinsa baki ɗaya. Sai wani faffaɗan allo da mutum yake tsayawa bisa, yana tuƙi a tsaye. Ƙungiyar da ke kula da wannan wasa a Ingila an kafa ta a 1936. A 2024 ta sake suna, ana ce mata Paddle UK.

Abin da ya faru a 1993

Ran 22 ga watan Maris 1993, ƴan lakol 8 na garin Plymouth suka shiga teku da kayak daga wani gari mai suna Lyme Regis. Malamin lakol ɗinsu yana tare da su, da malaman tuƙi 2 na wani kamfani. Tafiyar ba ta da nisa, wajen kilomita 3 ce, bin gaɓa. An sa za su komo da tsakar rana.

Ba su yi nisa ba jirgin malamin lakol ya kife. Aka tashe shi, ya sake kifewa. Malamin tuƙi ɗaya ya tsaya wurinsa. Kafin a ankara iska ta tura sauran can cikin teku. Igiyar ruwa ta riƙa cika jiragen yaran, ɗaya bayan ɗaya suka nutse. Ba su da abin harbawa sama don neman agaji. Waɗanda suke tudu kuma ba su sanar da masu ceto da wuri ba. Sai da yamma aka tsamo su, bayan sun yi awoyi cikin ruwan sanyi. Yara 4 suka rasu, masu shekara 16 da 17.

Da aka yi bincike, sai aka gane malaman tuƙin nan biyu ba su da horon da ya isa su kai yara teku. Sun iya ɗan tuƙi, amma ba su san jagoranci ba. Abin takaici, tun shekarar da ta gabata waɗansu ma'aikatan kamfanin sun rubuta wa shugabansu takarda, sun ce in ba a gyara ba wata rana za a rasa rai. Ba a gyara ba. A 1994 kotu ta yanke wa shugaban kamfanin shekara 3 a gidan kaso. A 1995 gwamnati ta yi doka. Duk kamfanin da zai karɓi kuɗi ya kai yara ƴan ƙasa da shekara 18 wasan ruwa mai haɗari ko hawan dutse, sai ya samu izini. Kafin a ba shi, masu bincike suna duba kayansa, suna duba ko ma'aikatansa sun san aikin.

Takardun shaidar malanta suna nan tun kafin wannan hatsari. Amma daga lokacin ne kowa ya gane ba ado ba ne.

Wa zai iya shiga horo?

Matakin farko yaro ko yarinya mai shekara 14 yana iya shigarsa. Amma ba a karɓar wanda bai iya tuƙi ba. Sai wanda ya riga ya saba da jirginsa: ya tafi gaba sak, ya koma baya, ya juya, ya tsaya inda yake so. Malamin da yake fama da nasa jirgin, yaushe zai ga na wani?

Sharaɗi na biyu shi ne horon ceto. Sai ya gama wannan tukuna ya shiga horon malanta, wanda ake yi kwana 2. Cikin kwanakin nan ana koya masa, ana kuma duba shi. In bai kai ba, a ce ya je ya ƙara koyo ya komo.

Horon ceto

Nan ne aikin yake da wuya. Ana sa mai koyo ya kife jirginsa da gangan, ya fito daga ƙarƙashinsa ba tare da ya firgita ba. Ana sa abokinsa ya kife, shi kuma ya cece shi. Ga yadda ake yi: mai ceto ya ce wa wanda ya faɗa ya riƙe jirgi, kada ya saki. Sai ya jawo gaban jirgin da ya kife, ya ɗora shi gicciye bisa nasa, ruwan ciki ya zube. Ya birkice shi daidai, ya jera shi kusa da nasa, ya danne shi da ƙarfi. Sa'an nan wanda ke ruwa ya hau. Duk wannan a tsakiyar ruwa ake yi, ba a zuwa gaɓa. Ana maimaitawa har ya zama jiki.

Ana koya musu jan jirgin wanda ya gaji, da jefa igiya ga wanda ruwa zai tafi da shi. Igiyar tana cikin ƴar jaka. Mai ceto ya riƙe bakinta, ya jefa jakar, igiya ta warware da kanta.

Akwai wata ƙa'ida da ake nanata musu. In mutum ya faɗa ruwa, kada mai ceto ya yi tsalle ya bi shi tun farko. Ya fara da kira, ya gaya masa abin da zai yi. In bai isa ba, ya miƙa masa filafili ko sanda. In da nisa, ya jefa igiya. In ba hali, ya je da jirgi. Shiga ruwa da jiki shi ne na ƙarshe. Dalili shi ne, mai nutsewa ba ya cikin hankalinsa. Duk abin da ya kama sai ya danne shi, ko da wanda ya zo cetonsa ne. Haka ake rasa mutum biyu maimakon ɗaya. Wannan gaskiya ce a tekun Ingila, gaskiya ce kuma a tabkin bayan gari da damina.

Wata ƙa'idar ta fi ba mutane mamaki. Ana ce wa malami ya fara tsare kansa, sa'an nan sauran ƴan ƙungiya, sa'an nan wanda ya faɗa, kaya kuwa su ne ƙarshe. Wani zai ce wannan son kai ne. Ba haka ba ne. In malami ya halaka, babu mai ceton kowa. In kuma ya manta da mutum 7 don mutum 1, iska tana iya tafiya da su, kamar yadda aka gani a 1993.

Sanyin ruwa ma darasi ne. Ruwan Ingila yana da sanyi ƙwarai, har da lokacin zafinsu. Wanda ya faɗa ciki ba shiri, numfashinsa yakan sarƙe, ya shaƙi ruwa, ko da gwanin iyo ne. Shi ya sa kowa sai ya sa rigar ruwa, wato riga mai hana nutsewa. Malami da hannunsa yake duba ta, ya ja ta sama ya gani ko ta ɗauru. In ta yi sako-sako, a ruwa sai ta zame ta kai.

Iya koyarwa

Gwanin tuƙi daban, malamin tuƙi daban. A horon kwana 2 ana koya wa saurayi yadda zai tarbi mutanen da suke jin tsoro. Ya rage surutu. Ya nuna da hannunsa, ya bari su gwada. Da yara kuwa wasa ake haɗawa: a jefa ƙwallo bisa ruwa a ce su je su ɗauko. Suna dariya, suna koyon juya jirgi ba su sani ba.

Kafin a shiga ruwa, malami zai duba sama, ya san inda iska take busawa. Iskar da ke fitowa daga tudu zuwa cikin ruwa ita ce mai yaudara. A gaɓa ruwa yana kwance lumui, amma tana tura jirgi nesa, komowa kuma ta gagara. Zai ƙirga mutanensa kafin tashi, ya riƙa ƙirgawa a kai a kai. Zai tsaya inda idonsa yake ganin kowa. Zai shirya da su alamar hannu ko busar usur, don murya ba ta zuwa nesa cikin iska.

Ana kuma bukatar ya san taimakon farko ga wanda ya ji ciwo ko ya sha ruwa, ya san dokokin kare yara daga cuta da wulaƙanci.

Iyakar takardar

Wanda ya ci wannan mataki ba a ce ya zama sarkin ruwa ba. Takardarsa ta ruwa mai kwanciya ce kawai: ƙaramin tabki, ko hanyar ruwa da aka gina, ko gulbi mai tafiya a hankali. Kada ya wuce metir 50 daga gaɓa. Kada ya fita in iska ta yi ƙarfi. Bisa ƙa'ida malami ɗaya ba ya wuce jirage 8 masu ɗaukar mutum ɗaya-ɗaya. Wanda bai kai shekara 18 ba kuwa, ba a bar masa mutane shi kaɗai. Sai da babba kusa da shi.

Mai son ya kai mutane teku ko gulbi mai gudu da duwatsu, sai ya sake wani horo da wata jarrabawa. Kowane irin ruwa da takardarsa.

A Faransa ma akwai irin wannan tsari. Can da launi ake gane matsayin mai tuƙi: fari, rawaya, kore, shuɗi, ja, baƙi. Daga shekara 16 yaro yana iya zama mataimakin malami.

Waɗansu samarin kyauta suke koyarwa a ƙungiyar garinsu, ran Asabar da Lahadi. Waɗansu kuwa suna samun aikin kuɗi lokacin babban hutun lakol, sa'ad da wuraren wasan ruwa suke cika da baƙi. A Ingila takardar taimakon farko shekara 3 take yi. In ta ƙare, sai malami ya koma aji ya sabunta ta.