Riƙo Daga Nesa

'Yan'uwa mata, riƙo ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Goggo takan ɗauki 'yar ƙanenta bayan yaye, ta rene ta har ta kai ta ɗakin miji. To, a makon nan zan ba ku labarin wani irin riƙo dabam, wanda mai yinsa ba ta raba yaro da uwarsa, sau da yawa ma har ta bar duniya ba ta taɓa ganinsa ido da ido ba.

Ga yadda abin yake. Wata mata a Ingila ko Kanada ko Jamus takan je wurin wata ƙungiyar taimako ta ce tana so ta ɗauki nauyin yaro ɗaya a wata ƙasa. Sai a ba ta hoton yaron da sunansa da labarin gidansu. Daga nan kowane wata ta riƙa biyan wani abu kaɗan. Shi kuwa yaron yakan rubuta mata takarda, in bai iya ba a rubuta masa, ma'aikatan ƙungiya su juya ta zuwa harshenta.

Yaƙi ne ya haifi wannan dabara. A shekarar 1937, ana tsakiyar yaƙin basasar ƙasar Sifen, wani ɗan jarida Bature mai suna John Langdon-Davies da abokinsa Eric Muggeridge suka kafa ƙungiyar da yanzu ake kira Plan International. Ƙungiyar takan ba da labarin wani yaro José da aka tsinta da 'yar takarda a jikinsa, inda ubansa ya rubuta cewa ya san za a kashe shi, yana roƙon duk wanda ya sami ɗansa ya kula da shi. Langdon-Davies ya lura da wani hali na ɗan Adam. In aka ce maka yara dubu suna jin yunwa, sai ka girgiza kai ka wuce. Amma in aka ce ga José, ga fuskarsa, to da wuya ka runtsa. Bayan yaƙin Koriya, a 1953, ƙungiyar World Vision ta bi wannan hanya domin marayun can. Musulmi ma ba a bar su a baya ba: Islamic Relief, wadda Dokta Hany El-Banna da abokansa suka kafa a Birmingham a 1984, tana ɗaukar nauyin marayu a ƙasashe da dama.

Ina kuɗin yake zuwa? Nan ne mutane da yawa suke kuskure. Akwai ƙungiyoyin da suke kashe shi a kan yaron kansa, watau kuɗin makaranta da tufafi da magani, ko su danƙa wa uwar maraya. Amma Plan da World Vision sukan tara shi wuri ɗaya a yi wa garin duka aiki: a haƙa rijiya, a gina aji, a koya wa ungozoma tsabta. Yaron da ke cikin hoto kamar wakilin garinsu ne. Dalili kuwa a fili yake. A gida mai 'ya'ya bakwai, in aka ɗinka wa ɗaya sabuwar riga aka bar shida suna kallo, an shuka hassada ke nan, balle in ɗakin uwa ba ɗaya ba. A 1982 wata mujalla ta Ingila, New Internationalist, ta soki abin a kan wannan, da kuma a kan kuɗin da ɗaukar hoto da juya takardu suke ci.

To, ko yana da amfani? A 2013 wani malamin jami'a a Amurka, Bruce Wydick, da abokan aikinsa suka buga binciken da suka yi a kan mutum fiye da 10,000 a ƙasashe 6, watau Bolibiya da Gwatamala da Indiya da Kenya da Filifin da Yuganda. Sun duba waɗanda ƙungiyar Compassion ta riƙa suna yara, ita kuwa a kan yaron kansa take kashewa. Suka tarar sun fi sauran daɗewa a makaranta da shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, sun kuma fi samun aikin albashi. 'Yan makaranta, kada ku raina shekara ɗaya. Ga yarinya, ita ce takan raba wadda aka cire tana gab da gamawa da wadda ta fito da takardar shaida a hannu.

Wannan magana ta shafe mu, gama Plan ta shiga Gana a 1992, ta shiga Nijar a 1998. Saboda haka, uwargida, in wata rana baƙi suka yi sallama suna so su ɗauki hoton ɗanki, ki karɓe su da fara'a, amma ki yi tambaya. Wace ƙungiya ce? Mai gari ya san da su? Kuɗin na yaro ne ko na gari? Ina za a kai hoton? Ki shawarci maigida kafin ki yarda. Wanda duk ya ce sai kin biya kafin a rubuta sunan ɗanki, ki sallame shi, macuci ne. Haka wanda ya ce zai tafi da yaron wani wuri.

Sa'an nan mu dubi kanmu. Matar nan ta Ingila ba lalle attajira ba ce. Abin da ta fi mu shi ne ba ta fashi, wata ya kama ta biya. Mu ma da muka iya adashi mun san wannan. Mata goma a unguwa, kowace ta ajiye kaɗan daga cinikin ƙuli-ƙuli ko saƙa, sun isa su riƙe marainiya ɗaya a makaranta, tana kwana a ɗakin uwarta. Ba sai an aiko musu da hotonta ba, kullum da safe za ta wuce ta ƙofar gidansu ta gaishe su.

Allah ya ba mu ikon yi. Sai mako mai zuwa.