Yaɗiya, Mai Tsayuwa da Ƙafar Wani

A watan Afrilu, lokacin da gonakin jigawa tsakanin Maraɗi da Tsibiri suka zama rairayi zalla, akwai tsiro ɗaya da ke nan kore shar: yaɗiya. Wani wuri ta shimfiɗu a ƙasa, wani wuri ta lulluɓe aduwa ko magarya har ba a ganin mai masaukin. Masana suna kiran ta Leptadenia hastata, kuma dangin tumfafiya ce. Ana samun ta daga Senegal har Habasha.

Yaɗiya itace ce, ko da yake da yawa suna ɗaukar ta ciyawa. A duba gindin wadda ta tsufa: ya yi kauri, ɓawonsa ya tsattsage, yana da taushi a hannu. Sai dai ba ta ɓata ƙarfinta wajen gina kututture. Ba ta da ƙaya, ba ta da zaren kamawa irin na duma. Kan reshenta ne ke juyawa a hankali yana laluben abin riƙo. Da ya taɓa reshen wani icce sai ya nannaɗe shi, ya hau neman rana. In bai samu ba, ya bi ƙasa, rairayin da iska ke kwasowa ya taru a ƙarƙashinsa.

Asirin korenta yana ƙasa. Saiwarta tana nitsewa zuwa inda danshi ya saura, shi ya sa ruwan Maraɗi, wanda ke kaiwa kimanin milimita 500 a shekara cikin watanni kaɗan, yake isar ta har damina ta zagayo. Ko akuya ta cinye ta ƙarƙaf, ko garma ta sare ta, daga saiwar take sake tohowa.

Ganyenta bibbiyu suke fitowa suna fuskantar juna, kuma siffarsu takan bambanta ko a jikin reshe guda: wani mai faɗi, wani siriri kamar kan mashi. In an tsinka, ruwa mai danƙo ke fita, ba farin nono irin na tumfafiya ba. Furanninta ƙanana ne, a dunƙule. Kwanson ƴaƴanta yakan bushe ya tsage, ƴaƴan su tashi da farin gashinsu, iska ta kai su gonar maƙwabci.

Matan garin Jiratawa da na unguwar Zariya a Maraɗi sun san sauran: a dafa ganye da fure, a tsiyaye ruwan ɗacin, a kwaɗa da ƙuli-ƙuli. A yunwar 2005, wadda ta tsananta a jihar Maraɗi, ganyayen daji irin wannan ne suka riƙe gidaje da dama. Don haka raina ke ɓaci in na ga an tumɓuke ta da saiwa lokacin sharar gona. Tun shekarun 1980 manoman Maraɗi suka koma barin kututturan itatuwa su toho a gonakinsu. Yaɗiyar da ke bakin shinge ta cancanci a yi mata irin wannan sassauci, a rage mata rassa, a bar gindin.